Ranar da Na Ɗaga wa Kawu Jan Kati

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, manomin shinkafa ne a fadamar Kwalkwalawa, kuma har yau ban ji mutum mai murya irin tasa ba. A gona ya same ta, wajen korar tsuntsaye. Idan shinkafa ta fara nuna, tsuntsaye suka sauko kamar hadari, sauran manoma sai sun haɗa da gwangwanaye da igiya da tsummoki. Shi Kawu sai dai ya hau ɗan tudun da ya tara a tsakiyar gona, ya cika ƙirji, ya saki kuwwa ɗaya. Inna, mahaifiyar tawa, takan ce har na gonakin maƙwabta tashi suke yi, kuma ba wanda ya taɓa zuwa yi masa godiya.

Wannan muryar yake ɗorawa a kan babur duk ranar da kulob ɗin garinmu yake wasa a gida. Yakan iso da wuri, ya yi la'asar a bakin filin, ya naɗe dardumarsa, ya hau ɓangaren da ba rumfa, wanda muke kira ɓangaren rana. Wurin zamansa sananne ne, mataki na uku, daidai tsakiyar fili. Ko ya makara ba mai zama masa. Shi ya fara kai ni kallon ƙwallo ina firamare, kuma har na zama malamin Hausa a sakandare, na yi aure, na tare a Arkilla, kusa da shi nake zama.

Dole in yi masa adalci a nan: Kawu ba ya ashar. Ban taɓa jin kalmar batsa a bakinsa ba. Abin da yake yi shi ne kwatance, kuma duk kwatancensa daga gona yake ɗebo shi. Idan alƙalin wasa ya busa abin da bai gamshe shi ba, sai ya jira ihu ya lafa, sannan ya miƙe.

"Rafali! Jakina ya hi ka sanin hanya, kuma shi ba a ba shi usur ba!"

Mai tuta ma bai tsira ba. "Kai mai tuta, ta yi maka nauyi ne? Kawo in kai gona, ta hi amfani can!"

Mutane sukan faɗi da dariya, 'yan wasa su juyo, wani lokaci har ɗan sandan da aka ajiye ya tsare shinge sai ka ga kafaɗarsa tana rawa. Matsalar ita ce ba kowa ke tsayawa a dariya ba. Kawu yana kunnawa, matasa su ɗauka daga nan.

Wata Lahadi aka hana mu ƙwallon da kowa ya ga ta shiga raga. Kawu ya faɗi tasa, ya zauna. Sai ledojin ruwa suka fara tashi sama, takalma suka biyo baya. Ba zan ɓoye ba, ni ma na jefa leda ɗaya. Ba ta ko kai shinge ba, a ƙeyar wani mai sayar da gyaɗa ta fashe, na yi sauri na juya ina kallon wani wuri. Sai da 'yan sanda suka kewaye alƙalin wasan kafin ya fita. Bayan kwana kaɗan hukumar gasar ta yanke hukunci: wasa uku na gida za mu buga ba ɗan kallo ko ɗaya.

Wannan bai hana Kawu zuwa ba. Yakan kafe babur a bayan katanga, ya tsaya a kan sirdi bai ganin komai sai saman fitilu, yana jin usur ya saki magana. 'Yan wasanmu sun ce suna jin sa sarai. Wai har akwai ranar da ya caccaki rafali alhali mu aka ba bugun.

A cikin wannan tsakanin ne kulob ya ɗauko wata mata ta riƙe masa harkar talla. 'Yar gidan malamai ce daga cikin gari, ta yi shekaru tana aiki a wani kamfanin waya a Abuja kafin ta dawo gida. Doguwar hijabi take sawa da takalmin kambas, wayoyi biyu a hannu, tana tafiya kamar an ce mata jirgi zai tashi. Nan da nan aka raɗa mata Hajiyar Talla. Ta samo wani kamfanin sarrafa shinkafa da ya yarda ya sa sunansa a gaban rigar 'yan wasa, amma mai kamfanin ya gaya mata ba zai liƙa sunansa inda takalma ke yawo a sama ba.

Shugaban makarantarmu ne ya haɗa ta da ni, don ni nake riƙe makirfo a duk taron makaranta. Ta miƙo mini takardu huɗu na dokokin 'yan kallo da Turanci.

"Malam, so nake ka mayar da wannan Hausar da mai sayar da rake zai ji ya gane. Kuma kai za ka riƙa karantawa a lasifika kafin wasa."

Na ji daɗi ƙwarai, har na sayi sabon biro. Yawancin dokokin ba su ba ni wahala ba. Ba jifa. Ba tsallake shinge. Ba fasa ƙwai ko zuba gishiri a bakin raga, wanda a takardarta babu shi, ni na ƙara saboda na san mutanena. Masu ruwan leda kuma dole su yanke bakin ledar kafin su miƙa, yadda ko ka jefa, rigarka za ta fara sha. Za a sa masu kula da 'yan kallo, a ba su falmaran mai ƙyalli da kati biyu irin na alƙalin wasa. Ruwan ɗorawa gargaɗi ne. Ja kuwa, ka fita, kuma wasa biyu ba ka shigowa.

Inda muka cije shi ne zagi. Na ce mata, "Hajiya, a garin nan akwai mutanen da za su wanke ka tas ba tare da sun faɗi kalma ɗaya mara kyau ba. Ina za mu ja layi?"

Ta ce, "Kai ne malamin Hausa."

Kwana biyu ina juya abin. A ƙarshe na rubuta: zagi shi ne duk maganar da ba za ka so a faɗa wa mahaifinka a bainar jama'a ba. Ta karanta, ta ce ya yi. Ni ma na ga ya yi. Ko kaɗan ban tuna da mataki na uku ba.

Kafin a buɗe mana ƙofa, Hajiya ta juya garin. Mota ta riƙa zagayawa da muryata a lasifika, daga kasuwa har unguwarmu, ɗalibaina suna kwaikwayona a bayan aji. Ta ware wuri a ƙarƙashin rumfa don mata da yara. Ta buɗe shagon sayar da jesi. Ta ɗauko masu ganga da kakaki irin na bariki daga Sabon Gari. A hutun rabin lokaci kuma za a fito da mutum uku su gwada dukan ƙarfen saman raga, wanda ya samu ya tafi da buhun shinkafar kamfani. Da na ba Kawu wannan labarin sai ya taɓe baki.

"Shinkafar da anka wanke har tam manta gonar da taf fito? Su riƙe abinsu."

Ranar da aka dawo da 'yan kallo filin ya cika. Na zauna a ɗan ɗakin sanarwa, na karanta dokoki da murya mai nauyi, aka tafa mini. Daga inda nake ina hango farar hular Kawu a ɗaya gefen. Minti ashirin ya yi bai ce uffan ba, har na fara yi wa Allah godiya. Sai rafali ya ba baƙi bugun tazara, Kawu ya miƙe ya saki tasa.

Mai kula da ɓangaren rana wani bakanike ne daga Sabon Gari, ƙato, wanda ke ɗaga injin mota shi kaɗai. Na gan shi ya taka a hankali, ya rusuna, ya fito da katin gargaɗi kamar mai miƙa goro. Kawu ya karɓi katin, ya duba gaba da baya, ya fara fifita da shi.

Bayan hutu ya sake miƙewa. Wannan karon jakin ya dawo, har da ƙarin bayani cewa jakin ya tsufa, ido ɗaya gare shi, amma duk da haka. Ba a jima ba bakaniken ya bayyana a ƙofar ɗakina yana share gumi, Hajiya tana bayansa.

"Malam, wallahi ba zan iya ba. Sa'an babana ne. Kuma bai dawo mini da ɗayan katin ba."

Hajiya ta karɓi jan katin daga hannunsa, ta ajiye a gabana. "An ce kawunka ne."

"Shi ya sa ai bai kamata a ce ni ba, Hajiya."

"Kai ka rubuta, kai ka karanta, kowa ya ji muryarka. Idan aka ƙyale shi yau, gobe wa za mu hana? Ga mai kamfani can zaune da 'ya'yansa."

Ban taɓa sanin filin nan yana da faɗi haka ba sai da na zagaye shi a ƙafa da jan kati a aljihu. Mutane suka bar kallon wasa suka koma kallona. Da na isa mataki na uku sai na durƙusa, don ba a tsaye nake gaida Kawu ba.

"Kawu, ina wuni."

"Lahiya lau."

"Ya gona?"

"Da godiya."

"Ya mutanen gida? Ya zafi?"

"Lokacinai na. Kai, mi ya kawo ka? Kana tare mini wasa."

Gaisuwa ta ƙare mini. Ina durƙushe, idona a ƙasa, na zaro katin na ɗaga shi sama da hannu biyu. Ihun da aka yi, ko ƙwallo muka ci sai haka. Kawu ya dubi katin, ya dube ni.

"Ɗan Yaya, kai na?"

Na ƙara sunkuyar da kai. Ya tashi, ya kakkaɓe darduma, ya saɓa a kafaɗa, ya gyara hula. Ya miƙa wa bakaniken katinsa, ya ce ya gode da fifita. Ya sauka mataki ɗaya bayan ɗaya, mutane suna darewa suna ba shi hanya. Ragowar wasan kamar zaman ta'aziyya aka yi shi, aka tashi ba ci.

Inna tana zaune tare da ni a Arkilla tun rasuwar mahaifinmu. Da na dawo gida gab da magariba, babur ɗin Kawu na fara gani a ƙofa. Na shiga na same su a tsakar gida, ita a kan kujera 'yar tsugunne, shi a kan tabarma, an ajiye masa fura bai taɓa ba. Matata tana ganina ta shige kicin, amma ta bar ƙofa a buɗe.

Inna ba ta taɓa kallon ƙwallo ba, kuma ba ta da niyya. Ta ce in zauna.

"An ce ka kori kawunka gaban mutane."

"Inna, doka ce."

"Wa yay yi dokar?"

"Ni na rubuta, amma..."

"To." Ta juya wajen ƙaninta. "Kai kuma mi kac ce wa mutumen?"

Kawu ya ce magana ce ta filin wasa, ba ta cikin gida ba. Ta ce ai a gidan ya kawo ƙara, don haka ya faɗa. Ya maimaita, amma da wata 'yar murya da ban san yana da ita ba. Daga kicin muka ji cokali ya faɗi.

Inna ta ce, "Shi rafalin ga, yana da uwa?"

"Ina zan sani, Yaya?"

"Yana da ita. Da wani yac ce jakinai ya hi ka, gaban mutanen Kwalkwalawa, mi za ka yi?"

"Ai ni ban busa ƙarya ba."

"Tun kana yaro bakinka ke ja muna magana." Na fara murmushi, sai ta juyo kaina. "Kai kuma, duk mutanen da ke wurin an rasa mai ɗaga takarda sai kai? Wanda yag goya ka a babur?"

Hukuncinta bai ɗauki lokaci ba. Kawu zai cika wasa biyun da aka ɗora masa, tunda doka ce kuma ɗanta ya rubuta. Ni kuma duk Asabar ɗin da ke cikin wannan tsakanin, zan je gona in taya shi korar tsuntsaye. Daga nan ta ce ya sha furarsa, ya sha.

Asabar ta farko na dawo murya a dishe, ban kori ko tsuntsu goma ba. Kawu bai yi mini magana ba sai sau ɗaya, da ya ce in matsa ina taka masa shuka. A filin wasa kuwa abubuwa ba su yi daɗi ba. Ba a yi jifa ba, ba a yi zagi ba, amma ba a yi komai ba. Masu gangar Sabon Gari suna ta kiɗa ba mai amsawa, har suka riƙa bugawa lokacin da baƙi ke kai mana hari. Ɓangaren rana ya fara yin gibi. Kyaftin ɗinmu ya gaya wa Hajiya cewa gara lokacin da aka rufe filin, don a lokacin ko ba komai akwai murya a bayan katanga.

Asabar ta biyu Hajiya ta ce in kai ta gonar. Na ce akwai laka. Ta ce ta ga laka a baya. Muka bar motarta a bakin titi, muka bi kan kunya, kambas ɗinta fari ya koma kalar fadama. Da muka isa ta rusuna ta gaida Kawu, ta faɗi gidan da ta fito. Nan take ya sauko daga tudunsa. Ashe a zauren kakanta ya yi karatun allo na shekara biyu kafin noma ya janye shi. Ya shimfiɗa mata buhu a inuwa, ya tambayi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya.

Suna cikin haka tsuntsaye suka sauko a ƙarshen gona. Kawu ya ce ta yi haƙuri, ya juya, ya saki kuwwa. Wayar da ke hannun Hajiya ta faɗi a laka. Ta ɗauka, ta goge da gefen hijabi, tana kallon tsuntsayen suna tashi.

"Baba, wannan muryar nake so. Ka zo ka shugabanci magoya baya. Kai za ka riƙa ba da waƙa, masu ganga su bi ka. Zan sa a kawo maka lasifikar hannu."

Kawu ya dube ni. "Lasifika tac ce?"

Na ce ba da mugun nufi ta faɗa ba. Hajiya ta janye maganar lasifika.

"To rafali fa?" in ji Kawu.

"Rafali ba a ce masa komai."

"Ashe ina nan tare da tsuntsayena. Su ko na ce musu wani abu ba su kai ni ƙara."

Aka yi ta ja har rana ta take. Ni ina gefe ina jifan tsuntsaye da hoge. A ƙarshe suka daidaita a kan abin da ba wanda ya tambayi ra'ayina a kai: Kawu yana da damar magana ɗaya tak ga rafali a kowane wasa, amma sai ya kawo mini na tantance ta tukuna. Jesi kuwa ya ce ba zai sa sunan shinkafar wani a ƙirjinsa ba alhali ga tasa a gona. Ya yarda da hula kawai.

Haka na zama mai tace maganganun kawuna. Duk jajibirin wasa bayan la'asar sai ya zo Arkilla, mu zauna a ƙofar gida, ya riƙa jero su daga ka. Jaki na soke shi tun ranar farko. Ya kawo akuya, na soke. Ya kawo mutum-mutumin da ake kafawa a gona, na ce ai wannan ya fi jakin muni. Na ba shi shawarar ya ce, "Rafali, a duba da kyau." Ya ce wannan ba magana ba ce, sallama ce. Wadda muka fara amincewa da ita ita ce, "Rafali, usur ɗin ga aro na? In mai shi na jira, mai da mai!" Na auna ta da mahaifina, Allah ya jiƙansa, na ga da dariya zai yi.

Abin da ba mu zata ba shi ne yadda magana ɗayan nan ta zama abin jira. Kawu yakan riƙe ta kamar maharbin da ya rage da harsashi ɗaya. Rafali zai yi kuskure, duk ɓangaren rana su juya su dube shi, ya girgiza kai, alamar da saura. Wani lokaci har a tashi bai faɗa ba, mutane su bi shi wajen babur suna roƙon ya gaya musu ko a kunne. Hajiya ba ta bar wannan ya wuce ta ba. Ta sa na ƙara a sanarwar mota: a zo a ji ta Baba. Ɓangaren rana ya sake cika, har 'yan rumfa suna tsallakowa.

Sai ranar da muka karɓi kulob ɗin da ke saman teburin gasar. Muna gaba da ci ɗaya, lokaci ya cika, ana cikin 'yan mintunan ƙari. Ɗan gabansu ya shigo da gudu, ya faɗi shi kaɗai, mai tsaron bayanmu yana nesa da shi da taku biyu. Rafali ya busa, ya nuna fenariti.

Na san irin wannan ƙarar, na taɓa jin ta. Daga ɗakin sanarwa na hango mutane suna sunkuyawa, kuma na san ba alwala za su yi ba, takalma suke cirewa. Bakaniken da abokan aikinsa sun buɗe hannuwa a gaban shinge, su kaɗan, jama'a da yawa. A rumfa mata sun fara jan yaransu. Hajiya tana tsaye kusa da ni, wayoyinta biyu suna ƙara ba ta ɗauka ba. Ta ce, "Malam, yi magana." Na kunna makirfo na ce a yi haƙuri, ni kaina ban ji abin da na faɗa ba.

Sai Kawu ya hau kan matakinsa ya saki kuwwar gona, cikakkiya. Filin ya yi tsit. Wanda zai buga fenaritin ma sai da ya juyo. Kawu ya ɗaga tafukansa biyu sama.

"Jama'a, ku ɗaga hannu ku ce amin! Allah shi ba rafalin ga lahiyar ido!"

Sai ɓangaren rana gaba ɗaya ya amsa, "Amin!"

"Allah shi kai shi gida lahiya, shi iske iyalinai lahiya!"

"Amin!" Wannan karon har da rumfa.

"Allah shi sa a nuna mai wanga bugu a waya, gaban surukinai!"

Amin ɗin ƙarshe da dariya ta fita. Mutum ba ya iya jifa tafukansa suna sama, kuma kafin a sauke su zafin ya wuce. Na ga mutane suna laluben takalmansu da ƙafa suna mayarwa. Aka buga fenaritin, ta shiga, aka tashi ɗaya da ɗaya. Ya yi mana ciwo, har yanzu idan na tuna yana yi mini. Amma rafali ya fita da ƙafarsa, ba ɗan sanda ko ɗaya a gefensa.

Da filin ya fara watsewa Hajiya ta zauna a kan benci. Can ta ce, "Malam, ya kawo maka wannan ka duba?"

"Bai kawo ba. Kuma uku ya faɗa, ba ɗaya ba."

"To zagi ne?"

Na yi tunani da gaske. Na ce ta farko da ta biyu, kowa zai so a yi wa mahaifinsa. Ta ukun ce ke da 'yar ƙura.

"Biyu sun rinjayi ɗaya," in ji ta. Kafin wasa na gaba ta buga riguna farare, ba sunan kowa a gaba sai kalma ɗaya da manyan baƙaƙe: AMIN. Mako bai zagayo ba suka ƙare a shago. Masu keke-napep suna sawa, na ga ɗaya a jikin wani mai gasa nama a Sabon Gari da ya rantse mini bai taɓa shiga filin ba.

Da kakar wasa ta gaba ta zo, aka sake turo mana wannan rafalin. Ina gwada makirfo kafin wasa sai ga shi ya leƙo, dogo, mai fara'a, Hausarsa ta wajen Kano. Ya ce an gaya masa ni ɗan 'yar'uwar dattijon nan ne, yana so su gaisa. Na aika aka kira Kawu, suka haɗu a bakin shinge. Rafalin ya rusuna.

"Baba, na gode da addu'a. Ban taɓa samun jama'a masu yawa haka sun yi mini amin ba. Har asibitin ido na je bayan nan."

"Madalla. Mi sunka ce?"

"Sun ce idona lafiya lau."

Kawu ya gyaɗa kai a hankali. "Ashe da gangan kay yi."

Rafalin ya yi dariya har ya dafa shinge. Kawu ma ya dara, ya ce in an tashi ya biyo shi Kwalkwalawa ya ci tuwon shinkafar gona, ya ji bambanci. Rafalin ya ce da ya so, amma dokarsu ta hana alƙalin wasa cin abincin magoya bayan kowane kulob, ko ruwa ba ya karɓa.

Kawu ya juyo ya dube ni da mamaki na gaske. "Su ma suna da doka?"

Na ce suna da ita, ta fi tamu yawa.

Ya sake duban rafalin daga sama har ƙasa, wannan karon da tausayi. Ya ce Allah shi kyauta, ya saɓa dardumarsa, ya tafi neman masu ganga don su daidaita waƙar buɗe wasa.